Yadda ake fesa wa masara takin ganye ba tare da an ƙona ta ko an yi asarar kuɗi ba

Duk wanda ya shiga shagon maganin gona a Funtua ko Bakori daga tsakiyar watan Yuni zai tarar da su jere a kanta: kwalabe da ƴan ledoji masu hoton masara mai goyo biyu, mai shago yana ta yabonsu. Wasu na ce musu takin ruwa, wasu takin feshi, wasu foliya. Tunda buhun kamfa ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, sai aka fara jin magana a majalisa cewa kwalba ɗaya tana maye gurbin buhu guda. Wannan magana ita ce ta fi cutar da manoma a harkar nan, don haka da ita zan fara.

Masara tana da manyan abinci uku, su ne waɗanda ke cikin kamfa: naitirojin, fosforos da fotasiyom. Shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa a yankinmu ita ce kilo 120 na naitirojin a hekta, kilo 60 na fosforos, kilo 60 na fotasiyom. In an mayar da shi lissafin buhu, kamfa 15:15:15 buhu 8 ke nan da yuriya kusan buhu 3. Ganye ba shi da bakin da zai haɗiye wannan lodi. Amma akwai wasu sinadarai da masara ke buƙatar ɗan mitsitsi daga cikinsu, irin su zink, boron, ƙarfe, manganis da jan ƙarfe. Duk zink ɗin da masarar hekta guda za ta sha daga shuka har girbi bai kai kilo ɗaya ba. Irin waɗannan ne feshin ganye ke iya kai wa shuka. Gishirin miya ne, kuma gishiri ba ya zama tuwo. Wanda bai zuba kamfa da yuriya ba, ko takin gida mai yawa, ya ajiye zancen feshi tukuna.

Mataki na farko: ka tabbata masararka tana buƙata

Nan ne ya kamata mutum ya ɓata lokaci, domin feshi yana ƙara amfani ne a inda ƙasa ta gaza ba da sinadarin. A gonar da ba ta rasa komai ba, sau da yawa sai dai ganye ya ɗan yi duhu na ƴan kwanaki, ranar awo kuma ba a ga wani bambanci ba.

Cikin ƙananan sinadaran nan, zink ne masara ta fi saurin nuna rashinsa. Ka shiga gona da safe, masara tana da mako uku zuwa huɗu, ka duƙa ka dubi sababbin ganyayen da ke fitowa daga mazurarin tsakiya. In zink ya yi ƙaranci za ka ga wani faffaɗan fari ko ruwan ɗorawa ya taso daga gindin ganye, yana bin gefe biyu na jijiyar tsakiya, ita jijiyar da bakin ganyen kuma suna nan kore. Gaɓoɓin karan sukan gajarce, sai shukar ta tsugunna kamar an danna ta, ganyaye sun cunkushe wuri guda. In abin ya tsananta, ganyen da ke cikin mazurari yakan fito kusan fari fat. Kuma ba ya kama gona baki ɗaya. Tsibi-tsibi yake yi: kan tudu inda ruwa ya kwashe ƙasar sama, wurin da aka haƙo ƙasar ƙasa wajen gyaran fili, jigawa mai yashi da ta daɗe ba ta ga takin gida ba, ko inda aka tara toka mai yawa. Gonar da ake ta zabga wa takin fosforos shekara da shekaru ita ma takan nuna, domin yawan fosforos yana danne zink. Masu noman rani a bakin madatsun Zobe, Jibiya da Sabke sun fi ganinsa in sun shuka cikin sanyin hunturu, lokacin da saiwa ba ta da kuzarin jan abinci.

Yanzu ga inda ake ruɗewa, don ba kowane rawayan ganye ne rashin zink ba. In tsofaffin ganyayen ƙasa ne suka yi rawaya daga tsini, rawayan yana bin jijiyar tsakiya kamar bakin mashi, yunwar naitirojin ce, maganinta yuriya. In gefen tsofaffin ganye ne ke bushewa kamar wuta ta lasa, fotasiyom ne. In ƙaramar masara ta yi shunayya, fosforos ne. In sababbin ganye suka yi siraran layuka fari da kore a jere tun daga gindi har tsini, an fi zargin ƙarfe ko manganis. Sannan akwai cutar zane da wasu ƙananan ƙwari masu tsalle ke yaɗawa: layukanta a tsittsinke suke, kuma za ka ga shuka ɗaya ta kamu, ta kusa da ita lafiya lau. Wannan ko ka juye mata shago guda ba za ta warke ba. Haka gonar da wuta-wuta ta kama, ko wadda ruwa ya kwanta a cikinta. Ka tono shuka ɗaya ka dubi saiwarta kafin ka yanke hukunci.

Rashin boron ba ya cika bayyana a ganye. A girbi ake ganinsa: goyo mai giɓi, totuwa a karkace, tsininta babu ƙwaya. Sai dai fari a lokacin fure shi ma yana kawo haka, don haka kada ka ɗora wa boron laifin shekarar da ruwa ya ɗauke. In shekara biyu ko uku a jere kana ganin giɓin a wuri ɗaya alhali damina ta yi kyau, to akwai dalilin gwadawa.

Wanda ke da hali ya ɗebi ƙasa a kai masa ɗakin gwaji, ya ce a duba masa zink da tsamin ƙasa, ba manyan ukun kaɗai ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ba ta da nisa da mutanen Funtua da Danja, kuma malamin gona na KTARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Katsina, zai iya nuna maka yadda ake ɗibar samfur. Wanda ba shi da hali ya tsinki ganye biyu ko uku, ya haɗa da hoton wurin a waya, ya nuna wa malamin gona. Kada ya nuna wa mai shago kaɗai, don mai shago kayansa yake son sayarwa.

Mataki na biyu: sayen abin da ya dace

Ka juya kwalbar ka karanta bayanta, ka bar hoton gaba. Abin nema shi ne haruffan sinadaran da adadinsu cikin ɗari: Zn shi ne zink, B boron, Fe ƙarfe, Mn manganis, Cu jan ƙarfe. Da yawa daga cikin takin ganyen da ke kasuwa kamfa ne aka narkar, aka ɗan barbaɗa masa waɗannan. In ka ga an rubuta Zn 0.05 cikin ɗari, ka san cewa ko ka fesa lita guda a hekta, abin da ya isa gonar wajen rabin giram ne. Ba zai warkar da masarar da ta yi fari ba. Kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa, ka mayar wa mai ita. Tun 2019 akwai dokar tarayya kan ingancin taki a Nijeriya, kuma kana da haƙƙin sanin abin da ka saya.

In matsalarka zink ce, abu mafi araha shi ne zink salfet. Kala biyu ne: mai ƙyalli kamar gishirin ƙanƙara yana da zink kusan kashi 21 cikin ɗari, mai laushi kamar gari kusan kashi 33 zuwa 35. Na farkon ya fi saurin narkewa, shi ya sa aka fi son sa a feshi. Akwai kuma wani takin zink da za ka ga an rubuta EDTA a jikinsa. Ya fi tsada, amma kaɗan ake sawa, ba ya cika ƙuna, kuma ya fi jure haɗi da wasu magunguna. Don boron, akwai boraks mai kashi 11 cikin ɗari.

Mataki na uku: lokaci

Kada ka ƙirga kwanaki kaɗai, ka ƙirga ganye, saboda irin masara na SAMMAZ mai saurin nuna da irin da ke daɗewa ba tafiyarsu ɗaya ba. Ana ƙirga ganyen da ya buɗe sosai har wuyansa ya bayyana a jikin kara. Feshin farko daga ganye huɗu zuwa shida, wato wajen mako uku zuwa huɗu da shuka, bayan an yi firi. Kafin nan ganyen bai kai ya tare ruwan ba, ƙasa za ka jiƙa. Feshi na biyu bayan kwana 10 zuwa 14, masara tana ganye takwas zuwa goma, ta kai gwiwa ko ta ɗan wuce. Dalilin wannan tsakani shi ne tun masara tana ƙarama haka take tsara girman goyonta a ɓoye cikin kara, har da yawan layukan ƙwayar da zai ɗauka. In yunwa ta kama ta a nan, ko ta murmure daga baya goyon ya riga ya ƙanƙance. Kuma zink ba ya saurin tafiya daga tsohon ganye zuwa sabo, shi ya sa feshi ɗaya ba ya isa in rashin ya yi yawa.

Boron ana ba da shi ne kafin furen kai ya fito. Da zarar fure ya buɗe, gemu ya sauko, ka rataye famfo. Gemun masara ba ya son a taɓa shi da komai mai gishiri, kuma shiga gona a lokacin ma karya ganye ne kawai.

A cikin yini kuwa, ko da sassafe bayan raɓa ta ɗan sauka, ko da la'asar sakaliya. Ni na fi son yamma, don ruwan yakan daɗe a jikin ganye bai bushe ba, kuma sai yana jiƙe ne ganyen ke sha. Ka ɗaga kai ka dubi gabas. In hadari ya haɗo, bari sai gobe, domin feshin yana son awa huɗu zuwa shida ba ruwa. Kada ka fesa wa masarar da ta nannaɗe ganye saboda ƙishi. Mutanen Daura da Mai'aduwa, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, su fi kula da wannan fiye da na Dandume da ke samun kusan 1000. In ruwa ya yi tsaiko, a jira ya sauka, masara ta warware, sannan a fesa.

Mataki na huɗu: famfo da awon ruwa

Wata shekara na ari famfon goyo a wurin maƙwabci, na ɗauraye shi sau ɗaya na zuba haɗina. Ashe maganin ciyawa mai ƙona ganye ya yi aiki da shi. Washegari kunya shida na farko sun yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa musu tafasasshen ruwa, na yi ta zagin takin alhali ba ruwansa. In da hali, ka ware famfo guda don taki da maganin ƙwari kawai. In babu, a wanke da omo, a ɗauraye sau uku, kowane karo a buga ruwan ya fita ta tiyo da baki, a cire matacin a goge. A canja bakin famfon ma: mai faffaɗan watsi na maganin ciyawa manyan ɗigo yake zubarwa, suna gangarewa ƙasa. Wanda ake feshin ƙwari da shi, mai fitar da ruwa kamar hazo, shi ake so.

Sai awo. Yawancin takardun magani suna lissafi ne kan lita 200 a hekta, amma tafiyar kowa daban. Ka zuba ruwa zalla lita biyar a famfo. Ka auna kunya huɗu masu tsawon mita 33. In tazarar kunyarka santimita 75 ce, wannan fili kusan murabba'in mita 100 ne, kashi ɗaya cikin ɗari na hekta. Ka fesa su da tafiyar da ka saba, ka juye sauran ruwan ka auna. In lita biyu ka kashe, lita 200 ke nan a hekta: goyo 10 na famfo mai lita 20, ko goyo 12 da rabi na mai lita 16. In yaro za ka ba aikin, shi zai yi wannan gwajin, ba kai ba.

Mataki na biyar: haɗi

Ƙa'idar zink salfet mai ƙyalli ita ce giram 5 a kowace lita. Famfo mai lita 16 giram 80, mai lita 20 giram 100, hekta guda kilo ɗaya a kowane feshi. In mai laushin ne, giram 3 a lita ya isa. Boraks giram 1 a lita, kada ya wuce 2, domin tsakanin boron da ke gyara da wanda ke kashewa tazarar kaɗan ce. Kayan kwalba kuwa, a bi abin da aka rubuta a jiki. Mu Hausawa muna da ɗabi'ar ƙara murfi ɗaya "don ya ji". A nan wannan murfin ne ke ƙona gona.

Kada ka yi awo da ido ko da gwangwanin tumatir. Ka sa a auna maka giram 80 a ƙaramin sikeli sau ɗaya, ka zuba a wani kofi, ka yi wa kofin alama da wuƙa. Shi ke nan ka samu ma'auni na duk damina.

Ruwan ya zama mai tsabta. Na kududdufi yana toshe bakin famfo, lakar kuma tana kama zink ɗin. In dole ne, a ɗebo tun dare ya kwanta, a tace da ƙyalle. Ka narkar da garin a bokiti da ruwa kaɗan tukuna (boraks sai da ruwa mai ɗumi), ka cika famfo rabi, ka tace haɗin a ciki, ka ƙarasa cikawa, ka girgiza. Abin da aka haɗa a fesa shi a ranar.

Tun da tsutsar nan mai cin mazurarin masara ta shigo ƙasar nan a 2016, kowa yana son ya haɗa taki da maganinta a goyo ɗaya don rage kuɗin ƙwadago. Wani lokaci yana yiwuwa, amma a gwada a kwalba: ruwa lita ɗaya, a sa kowanne gwargwadon rabonsa, a girgiza, a ajiye rabin awa. In ya yi gudaji, ko ya tsinke kamar nono, ko wani abu ya kwanta a ƙasa, a raba su. Abu ɗaya da ba sai an gwada ba: zink salfet ba ya haɗuwa da taki mai fosforos. Kada ka zuba shi cikin ruwan kamfa ko takin ganye mai yawan fosforos, farin laka zai zama, ganye ba zai sha ba.

Kafin ka shiga gona gaba ɗaya, ka fesa wa shuka goma a gefe, ka ba su kwana biyu. In bakin ganye bai ƙone ba, bismilla.

Mataki na shida: feshin kansa

Takalmin roba, dogon hannu, safar hannu da abin rufe hanci, musamman in akwai maganin ƙwari a ciki. Iska ta kasance a bayanka ko a gefe. Ka riƙe bakin famfo kamar kamu biyu sama da ganye, kana bugawa a kai a kai don kada ƙarfin ya faɗi. Abin da ake so ganye ya jiƙe sama da ƙasa, ya yi kamar raɓa ta sauka, ba ya riƙa tsiyaya ba. Kada ka tsaya kana ɗura ruwan cikin mazurari yadda ake yi wa tsutsa. In ya taru a nan ya bushe, gishirin yakan ci sabon ganye, ya fito da tabo.

Bayan mako ɗaya zuwa kwana goma ka koma ka duba. Kada ka dubi tsohon ganyen da ya yi fari, shi ba lallai ya dawo daidai ba. Sabon da ya fito bayan feshi shi ne shaida. In ya fito kore shar, gaɓa ta fara miƙewa, ka gano cutar. In ya fito da farinsa kamar da, ba zink ba ne, kada ka ƙara kuɗi a feshi na biyu, ka koma wurin malamin gona.

Mataki na bakwai: ka bar kunyoyin shaida

Wannan shi ne abin da kusan ba wanda ke yi, kuma shi ne kaɗai zai gaya maka gaskiya. Koren ganye yana daɗin kallo, amma ba a kai shi kasuwar Dandume. A wurare uku daban cikin gonar, ɗaya a tudu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a gangare, ka bar kunya huɗu ba feshi, ka kafa turaku ka ɗaura musu tsumma. Komai nasu ya zama ɗaya da sauran: iri ɗaya, kamfa ɗaya, noma ɗaya. Kada ka zaɓi bakin gona ko gindin bishiya, kuma ka gargaɗi yaran da ke feshi, don sukan ji tausayin kunyoyin su watsa musu.

Ranar girbi ka karya kunya biyu na tsakiya daga cikin huɗun, ka karya biyu masu tsawo ɗaya daga waɗanda aka fesa a kusa da su. A shanya daban, a sussuke daban, a auna da tiya ɗaya ko a ɗora a sikeli. Ka dubi tsinin goyon ma, ko ƙwaya ta cika har baki. In a wurare ukun duka wanda aka fesa ya fi, to gonarka tana buƙata. In nan ya fi, can ya gaza, tudun kaɗai za ka riƙa fesawa. Sai ka haɗa kuɗin magani da na mai feshi da na ɗiban ruwa, ka gwada da kuɗin ƙarin tiyoyin a farashin kaka, ba farashin bazara ba.

In shaida ta nuna gonar tana da yunwar zink da gaske, feshi agajin wannan damina ne kawai, don abin da ya sauka a ganye ba ya gyara ƙasa. Badi sai a kai maganin gindi: a zuba zink salfet a ƙasa lokacin huɗa, wanda yakan yi shekaru yana aiki, ko a nemi kamfar da aka haɗa da zink da salfa, akwai ta yanzu a wasu shaguna. Kashin shanu, na awaki da na kaji duk suna ɗauke da ƙananan sinadaran nan, shi ya sa gonar bayan gida ba ta cika nuna farin ganye ba. In takin gidanka bai isa gona duka ba, turakun da ka kafa sun riga sun nuna maka inda amalanke zai fara saukewa a watan Afrilu.